Wa Zai Cike Gurbin da Aka Bari a Takardar Ɗalibi?

Duk ɗalibin da ya kai matakin fita koyon aiki ya san takardar nan. Ofishin SIWES na makarantarsa, wato mai kula da shirin koyon aiki, shi ke ba shi ita, da hatimi da sa hannu, tana roƙon a karɓi wane ɗan wane na tsawon wata kaza domin ya ga yadda ake yin aikin da aka karantar da shi a aji. Sunansa na ciki, lambarsa na ciki, har da sashen da yake karatu. Wuri ɗaya aka bari fari, wato sunan ma'aikatar da za ta karɓe shi. Wannan shi zai nemo da ƙafarsa.

Wani ƙanena ɗan Horo Birni, mai karatun aikin lantarki a ɗaya daga cikin manyan makarantun Sakkwato, ya zo gida da irin wannan takarda a aljihu bayan ya yi mako biyu yana yawo da ita a birni. A wani ofishin mai gadi ne ya sallame shi tun daga bakin ƙofa. A wani kuma an karɓi takardar an ce ya dawo, da ya dawo aka ce ba a gan ta ba. Muna zaune a ƙofar gida bayan sallar isha'i, Kawu ya saurare shi har ya kai aya, sannan ya yi masa tambaya ɗaya: "To kai, wa kas sani can?" Yaron ya ce bai san kowa ba. Kawu ya ce ai an gano ciwon ke nan, sai a nemi magani. Wani malamin firamare da ke zaune tare da mu ya ce a yi masa haƙuri, shi a ganinsa ciwon yana ga makarantar da ta miƙa wa yaro takarda ta sake shi cikin gari. Gardamar ta kai mu tsakar dare, kuma tun daga ranar nake juya ta a raina.

Zan fara da hujjar Kawu, domin ita ce aka fi kushewa a bainar jama'a, kuma ita ce aka fi aiki da ita idan an koma gida. Kawu bai ɗauki sanayya abin kunya ba. A wurinsa da ita aka gina kowace sana'a da ta yi suna a ƙasar nan. Yaron da zai koyi jima ko dukanci a Sakkwato, ubansa ne ke kama hannunsa ya kai shi wurin wanda ya sani, ya ce ga amana. Bafataken da ke loda albasa zuwa Legas ko Fatakwal ba ya ɗaukar yaro don takardar da ya gani. Yana ɗaukar wanda idan kuɗi suka yi ɓatan dabo ya san ƙofar gidan da zai je ya yi sallama. Yaron gida ya shekara da shekaru yana bin ubangidansa, ya san kasuwa, ya san wanda ake ba bashi da wanda ake hanawa, ranar da ya isa sai a yaye shi da jari. 'Yan ƙabilar Igbo ma da irin wannan tsari suka riƙe kasuwannin Onica da Aba. To me ya sa, in ji Kawu, da zarar yaro ya rataya jakar boko sai a ce masa hanyar iyayensa ta zama haram?

Wannan magana tana da nauyi fiye da yadda mu 'yan boko muke son mu yarda. Alƙaluman da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar a 2023 sun nuna cewa sama da kashi 90 cikin 100 na masu aiki a Najeriya suna cin abinci ne a wajen ofis da kamfani mai rajista, wato a gona da kasuwa da gareji da shago. Waɗannan wurare ba sa tallar gurbi a jarida ko a intanet, da baki ake shigarsu. Ko a ƙasashen da muke kallo a matsayin gidan tsari haka abin yake. Wani masanin zamantakewa Ba'amurke, Mark Granovetter, ya bi diddigin yadda ma'aikata suka sami ayyukansu a wani gari kusa da Boston, ya buga sakamakon a 1974, ya gano cewa fiye da rabinsu ta bakin wani da suka sani suka ji labarin aikin. Ta fuskar addini ma ba a hana mutum ya shaidi wanda ya ga alherinsa ba. Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya sami aikin kiwo a Madyana ne bayan ɗiyar mai dabbobin ta shaida wa mahaifinta ƙarfi da amanar da ta gani a tare da shi a bakin rijiya.

Akwai kuma wani abu da ba a rubutawa a takardar SIWES, wanda shi ne ya fi ci wa ɗan ƙauye tuwo a ƙwarya. Ina zai kwana, kuma me zai ci? Ɗalibin jami'a wata shida yake yi a koyon aiki, na kwalejin kimiyya da fasaha wata huɗu. Alawus ɗin da aka ware masa naira 2,500 ne a wata, an daɗe ba a taɓa shi ba, kuma sau da yawa sai an gama an koma aji kafin ya zo. Wannan kuɗi ba zai kai yaro Sakkwato ya dawo da shi Shagari sau biyu ba, balle ya kama masa ɗaki a Kano ko Kaduna. Wanda ke toshe wannan ɓaraka shi ne ɗan uwan da zai ce a shimfiɗa masa tabarma a zaure, a zuba masa tuwo tare da yaran gida. Babu ofishin makarantar da ke yin wannan. Da ɗan gari akan ci gari, in ji Kawu, kuma a nan babu wanda ya iya ce masa uffan.

Malam bai musanta ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Tambayarsa guda ce, kuma ita ce ta hana ni barci: wanda ba shi da kowa fa? A aji ɗaya za ka tarar da ɗan darakta da ya tashi a Sakkwato, da ɗan manomi daga Horo Birni ko Kajiji ko Lambara ko Danchadi. Kuɗin makaranta ɗaya suka biya, jarrabawa ɗaya suka zauna, wataƙila ma ɗan manomin ne ke gaba a maki. Ranar da aka raba takardar koyon aiki, na farko ko karanta ta bai yi ba, ya ajiye wa mahaifinsa a kan tebur, kafin la'asar an buga waya an gama magana. Na biyun shi ma yana da dangi masu son sa, sai dai duk wanda ya sani manomi ne ko makiyayi ko ɗan tireda. Mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwonsa gaya, wannan gaskiya ne, amma makaranta ta jama'a ce, da kuɗin jama'a aka gina ta, bai kamata rabon da ake yi a cikinta ya bi kusanci da murhu ba.

Binciken nan na Amurka da ya yi kama da goyon bayan Kawu, idan an karanta shi zuwa ƙarshe, ya fi taimaka wa Malam. Abin da mutumin ya gano shi ne, yawancin masu kawo labarin aiki ba 'yan uwa na jini ko aminai na kusa ba ne. Mutanen da ake haɗuwa da su jefi-jefi ne, tsohon abokin aji, wanda aka taɓa aiki tare, abokin wani aboki. Dalili kuwa a fili yake: na kusa da kai abin da ka sani shi suka sani, na nesa ne ke jin abin da bai iso unguwarku ba. Irin wannan sanayya ta nesa ita ce ɗan ƙauye ya rasa. A jihar Sakkwato da binciken talauci na 2022 ya sanya a sahun farko, inda kusan mutum tara cikin goma ke fama da rashi ta fuskoki da dama, cewa kowa ya nemi nasa hanyar daidai yake da cewa yawancin yara su haƙura.

Malam ya kuma tuna mana cewa ba haka aka faro ba. Alhaji Shehu Shagari, wanda aka haifa a garin Shagari a 1925, ya yi elementare a Yabo, ya yi midil a Sakkwato, ya wuce kwaleji a Kaduna, ya dawo ya kama koyarwa a makarantar midil ɗin da ta yaye shi. Gaskiya ne ɗan gidan sarauta ne, amma a zamaninsu har ɗan talakan da aka kama aka kai boko yana kuka, aiki na jiran sa ranar da ya gama: malamin makaranta, malamin asibiti, malamin gona, akawun En'e. Makarantar da kanta ita ce gadar. Da ƙasa ta girma aka ga ɗalibai na fitowa da ilmin allo babu na hannu, sai aka kafa asusun horar da ma'aikata na ITF a 1971, shi kuma ya ɓullo da shirin SIWES a 1973, shekarar da gwamnatin Janar Gowon ta kafa bautar ƙasa. Ma'anar wannan ita ce hukuma ta amince cewa haɗa ɗalibi da wurin aiki nauyi ne a wuyanta. A ƙa'idar shirin, makaranta ce za ta tsara jerin ɗalibanta da wuraren da aka tura su, ta kuma aika malami ya je ya duba su. Miƙa takarda mai gurbi fari sauke nauyi ne a kan wanda ya fi kowa rauni.

Makarantun ma suna da abin cewa, kuma adalci ne a saurare su. A da midil ɗaya ce ke ɗaukar yaran lardi sukutum. Yau akwai Jami'ar Usmanu Danfodiyo da aka kafa a 1975, da Jami'ar Jihar Sakkwato, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi, da makarantar horar da malamai mai sunan Shehu Shagari, da ta aikin gona a Wurno, da ta kiwon lafiya a Gwadabawa. Dukansu suna kwararo ɗalibai cikin birnin da babbar masana'antarsa ita ce ta siminti a Kalambaina. Bayan ita sai asibitin koyarwa, da hukumar raya kogunan Sakkwato da Rima, da gidajen rediyo da talabijin, da bankuna, da ma'aikatun gwamnati. Jami'in SIWES guda da mataimakinsa ba za su ƙirƙiro gurbi dubu a inda ɗari ke akwai ba. Na yarda da wannan uzuri, amma rabinsa kawai, kuma zan faɗi dalili nan gaba.

Inda Malam ya fi zafafawa shi ne kan abin da sanayya ke rikiɗa ta zama idan ta shiga ofishin gwamnati. A kasuwa, ubangidan da ya ɗauki ragon yaro don kunyar ubansa, aljihunsa ne zai ji a jika, saboda haka yana tantancewa. A ofis kuwa wanda ya cusa ɗan ƙanwarsa ba shi ke biyan albashi ba, babu abin da zai yi asara. Daga nan sanayya ta koma alfarma, alfarma ta koma takardar ɗan majalisa, daga ƙarshe ta koma ciniki. A 2023 wani kwamitin Majalisar Wakilai ya zauna sauraron bahasi kan sayar da guraben aikin gwamnatin tarayya, aka ji masu neman aiki da bakinsu suna faɗin miliyoyin da suka biya. Abin takaicin shi ne zargin ya taɓo har hukumar da aka kafa a 1996 domin tabbatar da raba daidai tsakanin jihohi, bisa abin da sashe na 14 na tsarin mulki ya tanada. Mu a karkara mun san wani nau'in wannan cuta da ba ya kaiwa gaban kwamiti. Gurbi ya fito da sunan ƙaramar hukuma, sai ya faɗa hannun yaron da bai san garin ba sai a takardar shaidar asali, wanda ko hanyar maƙabartar kakanninsa ba zai iya nunawa ba.

Hujjar Malam ta ƙarshe ita ce N-Power, shirin gwamnati na ɗaukar matasa aiki. Da aka buɗe shirin a 2016, an ɗauki mutum 200,000 a rukunin farko, ana biyan kowa naira 30,000 a wata, yawancinsu aka tura su koyarwa a firamare, wasu asibiti, wasu aikin gona. Ta intanet aka nema, ta asusun banki aka biya. Malam ya ce shi da idonsa ya ga yaran da ba su san ko kansila ba sunansu ya fito. A karon farko wasu iyaye suka ga cewa mai yiwuwa ne yaro ya cike takarda a kwamfuta, ba a kai goro gidan kowa ba, kuma a kira shi.

Kawu ya yi shiru har Malam ya gama, sannan ya ce, "Malam, yau ina N-Power ɗin take?" Rukunin farko da na biyu an sallame su a 2020, mafi yawa suka koma inda suka fito, an kuma dakatar da shirin a 2023. Yaron da aka kai wurin mai gyaran injin ban ruwa a shekarar da aka fara shirin, yau shi ma yana da nasa yaran. Kawu ya kuma tuno ranar 15 ga Maris 2014, ranar da aka tara masu neman aikin hukumar shige da fice a filayen wasa na ƙasar nan. Sama da mutum rabin miliyan suka nema, kowa ya biya naira 1,000, guraben ba su kai 5,000 ba, aka yi turmutsutsu aƙalla mutum 16 suka rasu. Waɗannan yara babu wanda ya bi ta bayan gida a cikinsu, ƙofar da aka ce ta kowa ce suka bi.

Ko a yau da aka daina tara mutane a fili, shafin neman aikin bai zama daidai ga kowa ba. Ɗan birni yana kwance a ɗaki zai cike da wayarsa. Ɗan Horo Birni sai ya ji labari a makare, ya nemi kuɗin mota, ya je kafe a Bodinga ko Sakkwato, ya biya mai kwamfuta, shafin ya ƙi buɗewa, ya kwana ya sake gwadawa. Idan ya buɗe kuma sai a ce ranar haihuwar da ke lambarsa ta zama ɗan ƙasa ta saɓa da ta takardar sakandare, domin ranar da aka yi masa rajista ƙiyasi aka yi. Ga kuma 'yan damfara da ke aiko da shafukan bogi ta WhatsApp suna karɓar kuɗin fom. Idan an zo jarrabawar kwamfuta, akwai wanda rabonsa da taɓa linzami tun ranar JAMB.

A duk daren nan babu wanda ya ambaci 'ya'ya mata, kuma ni ma sai daga baya abin ya faɗo mini. Ɗalibar da ta fito daga ƙauyukanmu ta kai matakin NCE ko makarantar kiwon lafiya ta riga ta tsallake shingaye da yawa. Ita ba za ta yi mako biyu tana bin ofisoshi tana roƙon masu gadi ba, ba kuma za a bar ta ta kwana a zauren wani ba. Hanyar Kawu ta yaron gida da ubangida tun asali ba da ita aka shata ta ba. Abin lura shi ne fannonin da matanmu suka fi samun shiga, koyarwa da jinya da unguwarzoma, su ne fannonin da makaranta ke tura ɗalibi da kanta, ta ce ke firamare kaza, ke asibiti kaza, ta biyo baya da mai dubawa. Ban ɗauki wannan a matsayin katari ba. Inda makaranta ta riƙe ragamar turawa, uba yana samun natsuwar barin ɗiyarsa ta tafi.

Sai kuma batun da ya raba ni da Kawu. Sanayya tana samar wa yaro wuri, amma ba ta tambayar ko wurin ya dace da karatunsa. Na ga ɗalibin kimiyyar kwamfuta da aka kai wani ofis don kawai ɗan uwansa na can, ya yi wata shida yana sayo wa manya abinci yana kai fayil daga tebur zuwa tebur. Na ga wanda ma bai je ba sam, ya zauna gida ya cike littafin nan da ɗalibai ke kira logbuk da abin da ya kwafo daga na abokinsa, ranar ƙarshe aka kai wa wani mai hatimi ya buga. Wanda ya buga hatimin yana ganin taimako ya yi, zumunci ya raya. Alhali ya raba yaron da dama guda ɗaya da tsarin karatu ya ba shi ta ya riƙe kayan aiki a gaban wanda ya iya. Ga mai digiri ko babbar difloma akwai sauran dama a shekarar bautar ƙasa, da horon sana'a da aka shigo da shi sansani tun 2012, da alawus da ya kai naira 77,000 a 2025. Amma yawancin yaranmu masu NCE ne da ƙaramar difloma, waɗanda ba sa zuwa sansanin Wamakko ko wani sansani. Su watannin nan na koyon aiki su ne kaɗai abin da suke da shi.

Abin da na tsaya a kai shi ne, gardamar ta cakuɗa abu biyu da ya kamata a raba, shaida da alfarma. Shaida ita ce mutum ya ce na ga aikin yaron nan, na san hannunsa, na san amanarsa. Alfarma ita ce ya ce ban san abin da ya iya ba, amma ɗan wane ne. Ɗiyar mai dabbobin Madyana shaida ta bayar, domin abin da ta gani a bakin rijiya ta faɗa, ba ta san ma asalin baƙon ba. Kawu yana da gaskiya cewa ba a samun aiki sai da bakin mutum, kuma babu kwamfutar da za ta kawar da wannan. Malam yana da gaskiya cewa idan aka bar kowa da bakin da ya gada, ɗan ƙauye ya faɗi tun ba a fara ba. Wurin da ɗan manomi zai samu mai shaidarsa, wanda ba gado ya yi ba, shi ne wurin koyon aiki. Saboda haka nake ganin nauyin ya fi karkata ga makaranta, domin ita kaɗai ce ke da sanayyar da za ta iya ara wa wanda ba shi da ita.

A nan ne rabin uzurin makarantu ke faɗuwa. Suna cewa babu gurabe, alhali ofis mai fanka da tuta kawai suke ƙirgawa. Jihar da ke da madatsun ruwa a Goronyo da Shagari, da fadamun albasa da shinkafa da tafarnuwa, da dubban injinan ban ruwa masu bukatar gyara, da masu haɗa wutar sola a kowane lungu, da cibiyar binciken makamashi a cikin jami'arta, ba za a ce ta rasa inda ɗalibin noma ko na injiniya zai ɓata hannunsa ba. Abin da aka rasa shi ne wanda zai taka ya je ya ga waɗannan wurare, ya tantance masu aikin ƙwarai, ya rubuta sunansu, ya amince da sa hannunsu ko da ba su da hatimi mai tambari. Kowace makaranta kuma tana da dukiyar da ta bari a warwatse, wato tsofaffin ɗalibanta. Jami'ar da ta kusa shekara 50 tana yaye mutane babu ma'aikatar da ba ta da ɗa a cikinta.

Ƙanen nawa ta irin wannan hanya ya fita. Da ya koma, wani malaminsa ya ga gurbin takardar har yanzu fari, ya tambaye shi, ya buga wa wani tsohon ɗalibinsa mai shagon haɗa sola waya a gabansa. Yaron ya yi watanninsa yana hawa rufin gidaje da masallatai, ya koyi auna batir da lissafin abin da gida ke ja, ya dawo da kanta a tafin hannu. Da hutu ya zo, mai shagon da kansa ya neme shi. Kawu ya ce ai maganarsa ce ta fito, sanayya ce ta yi aiki. Malam ya ce maganarsa ce, tunda daga makaranta wayar ta fito. Ni abin da ya dame ni shi ne sauran 'yan ajinsu da malamin bai ci karo da su a baranda ba a ranar. Abin da ya faru da shi sa'a ce, kuma bai kamata makomar yaro ta rataya a kan sa'ar haɗuwa da malami mai tausayi ba.

Don haka kirana ga shugabannin manyan makarantun jihar nan shi ne kada takarda ta sake fita daga ofishin SIWES da gurbi fari, sai in ɗalibin ne ya ce ya riga ya samu wuri, kuma a bincika a tabbatar wurin ya dace da karatunsa. A fara da 'yan karkara da mata wajen rabon guraben da ke hannu. Ku kuma 'yan Horo Birni da sauran garuruwan Shagari da Bodinga da Allah Ya ɗaga, kuna ofisoshi da shaguna a Sakkwato da Kaduna da Abuja, ku ba ƙungiyar ɗaliban ƙaramar hukumarku sunayenku da irin aikin da kuke yi, kowa ya ɗauki yaro ɗaya a shekara, ko da bai san ubansa ba. Idan ya zo ku sa shi aiki na gaske, kuma kada ku buga wa kowa hatimi a kan aikin da bai yi ba.